Ganga Ɗaya, Gida Biyu

Litinin, da hantsi

Yau ba a buɗe shago ba. Baba yana zaune a bakin ƙofa da rediyo a cinyarsa, bai kunna ba. Na rasa abin da zan yi da hannuna, shi ya sa na ɗauko tsohon littafina na aji shida. Akwai sauran shafuka a baya.

Sana'armu ganguna ce, na ƙarfe, irin waɗanda ake tara ruwa a ciki. Baba yana sayo su fanko daga bayan tashar jirgin ruwa. Ya yanke murfi, ya ƙona cikin da wuta, ya wanke da yashi da sabulu. Sannan ya ɗauki burushin waya ya kankare bayan, rubutu da tambari da tsatsa duka, har sai ƙarfen ya yi fari kamar cokali. Daga nan aikina ne. Ina shafa shuɗin fenti, in bari ya bushe, in ƙara shafawa. Ina son aikin don ba ya bukatar magana.

A tsallaken titi akwai mai irin sana'armu, ana ce masa Shafa-ka-wuce. Shi ba ya kankare komai, fenti kawai yake zubawa a kan abin da ya tarar. Baba yana cewa fenti a kan datti munafunci ne. Shi kuma yana ce wa Baba Malam Sai-gobe, wai mai saye yana tsufa kafin gangarsa ta fito.

Jiya fararen motoci suka shigo unguwa da lasifika. Sun ce kada kowa ya ƙara shan ruwan ganga, ko wanka, ko girki. Wai gangunan da suka shigo a bara ba mai ne a cikinsu ba, guba ce. Sun faɗi sunan abin, ban iya riƙewa ba.

Auta yana kwance. Tun kafin motocin yake kwance.

Talata, bayan la'asar

An kawo tankar ruwa bakin makaranta. Na je da jarka biyu. Layi ya yi tsawo har bayan masu faci. Da na tsaya, matan da ke gabana suka daina hira. Ba wanda ya ce mini komai. Da sun yi faɗa ma da ya fi.

Mai Keke tana layin, maƙwabciyarmu mai ɗinki, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Tun da mijinta ya rasu ita da 'yarta kaɗai ne a gidan. Na ce, "Ina wuni, Gwaggo." Ta dubi jarkarta. Na ɗauka ba ta ji ba, amma ban maimaita ba.

'Yarta Balbela ma tana kwance. Ana ce mata haka don dogayen ƙafafunta. Sa'ar Auta ce.

Gangar gidansu ni na yi mata fenti. Na tuna, don ranar fentin ya kusa ƙarewa, sai da na tsinka shi da kananzir.

Laraba, da safe

Auta ya sha rabin kofin shayi.

Alhamis, da yamma

'Yan sanda sun tafi da Baba da hantsi, shi da Shafa-ka-wuce a mota ɗaya. Inna ta wanke tukwane duka, har waɗanda ba a yi girki da su ba. Ta sa ni na share tsakar gida, na gama, ta ce in sake.

Sun dawo kafin magariba. Ba su taɓa shi ba, tambayoyi ne kawai. A wurin wa ya saya, yaushe, wace mota ta kawo. Mutumin da ke sayar musu a bayan tasha ba a san inda ya shiga ba.

Baba ya kunna rediyo. Ana maganar unguwarmu amma ba kamar unguwarmu ba. Mai labarai ya ce ƙasar da aka ɗuro abin ta ce ita sayar wa wani kamfani ta yi. Kamfanin na wata ƙasa ce dabam. Jirgin da ya ɗauko kuma tutar ƙasa ta uku yake ɗauke da ita. Wai akwai yarjejeniya ta duniya da ta hana kai wa wasu irin wannan shara, kuma dukansu sun sa hannu. Za a yi taro a wani birni mai nisa.

Baba ya kashe rediyon ya ce, "Kowa ya wanke hannunsa, mu muka sha ruwan wankin."

Inna ta ce, "Ci abincinka, ya huce."

Bai ci ba. Na rufe masa.

Asabar, da azahar

Ni da Inna mun kai Auta asibitin unguwa. Ni na goya shi, ba nauyi. Mutane har waje, yawanci yara. Likitan ya duba idonsa da farcensa, ya ce ya riƙe biro. Auta ya riƙe, biron ya faɗi. Ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne.

Likita ya ce maganin da ke fitar da abin daga jini ba ya nan, ba kuma a kanti ake sayensa ba. Yana babban asibiti, tafiyar yini guda, kuma baƙin da suka zo da fararen motoci su ne za su kawo shi su zaɓi waɗanda za a kai. Ya ce gara a yi da wuri. Inna ta ce da wuri kamar yaya. Ya kira na gaba.

A hanya Auta ya ce in tsaya ya ga wani kare mai ƙafa uku. Mun tsaya.

Lahadi, da yamma

Ba abin da ya faru. An yi yayyafi kaɗan, Inna ta tara a baho.

Litinin, bayan azahar

Baƙin sun zo shago. Mace ɗaya da namiji ɗaya, da takunkumi da safar hannu, sai tafinta, wani dogon saurayi mai tabarau, ɗan ƙasar nan. Sun sa Baba ya buɗe. Ni ina tsaye bayan ƙofa.

Suna da wani ruwa a kwalba mai wari kamar na goge farce. Su jiƙa tsumma, su goga a jikin ganga, fenti ya narke. A shagon Shafa-ka-wuce, in ji yara, ko wacce suka goga sai tambari ya fito, baƙaƙen haruffa da lamba. Sun ɗauki hoto, sun fesa jan fenti, sun loda duka a babbar mota.

A namu sun goga ta farko, ƙarfe fari. Ta biyu, fari. Matar ta yi ta gogawa har ta gaji. Ta ce wani abu, tafinta ya ce wai ta ce aikin yana da kyau.

Baba ya ce, "Uwata, kawo wa baƙo ruwa." Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa gare ni. Na kawo a kofin silba. Tafinta ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, ya riƙe. Baba ya ce na tanka ne. Ya ce ya sani, Baba. Har ya tashi bai kai bakinsa ba.

Shi ya yi mana bayani. Ƙasar da aka ɗuro abin ta yarda za ta ɗauki nauyin magani, amma ta ce ba laifi ta amsa ba, taimako ne. Kuma taimakon na gidan da aka samu ganga mai tambarinsu ne kaɗai. Za su bi gida gida su goga. Inda tambari ya fito, a ɗaura wa marasa lafiyar gidan rawayen zare na roba a hannu, a kai su babban asibiti.

Baba ya ce, "Rana ɗaya muka saya ni da na tsallake. Mota ɗaya ta sauke mana. Shi ya ɗauki na dama, na ɗauki na hagu."

Tafinta ya faɗa wa matar. Ta saurara sosai, ta gyaɗa kai. Ta yi doguwar magana. Tafinta ya ce, "Ta ce ta yarda da kai. Amma ba ita ta kafa sharaɗin ba."

"Wa ya kafa?"

"Suna ƙetaren teku, Baba."

Layinmu ne na ƙarshe da za su bi.

Talata, da safe

Na sa kananzir na goge farcena. Shuɗin bai fita duka ba.

Laraba, da yamma

An fara ganin rawayen zare. 'Ya'yan mai nama suna da shi, da jikar mai gadi. Duk masu gangar Shafa-ka-wuce ne. Yara masu lafiya suna kuka su ma a ɗaura musu.

Motar farko ta tafi da su yau.

Inna tana tsince shinkafa, Baba yana gyara takalminsa. Ba ta ɗaga murya ba, Inna ba ta ɗaga murya. Ta ce, "Shekara nawa ina ce maka ka rage wannan kankara, kana kashe kafaɗarka a banza."

Baba ya ce, "Kin faɗa."

"Da ka yi ha'inci irin na mutane, da yanzu ɗana yana mota."

"Haka ne."

"Kada ka ce mini haka ne. Ka yi mini musu."

Bai yi ba. Ta ci gaba da tsintar shinkafa, tana zubar da mai kyau tare da tsakuwa. Na gani ban faɗa ba.

Auta ya ce in ba shi labari. Ban iya labari ba, sai na ba shi na karen nan mai ƙafa uku, na ce yana da shago yana sayar da takalma uku uku. Ya ce ƙarya ne. Ya ce in ci gaba.

Juma'a, bayan la'asar

Baba ya sa farar rigarsa ya tafi rumfar baƙin a filin bayan makaranta. Ya ce in bi shi in riƙe masa burushin waya, zai nuna musu yadda yake aiki don su gane.

A filin ne suke tara gangunan. Sun yi tsibi ya fi ajinmu tsawo, an rufe da tamfol, an kewaye da igiya. Inda muke wasan tsalle a da. Na tambayi tafinta, a hankali, ko za su mayar da su inda suka fito. Sai da ya sunkuyo kafin ya ji ni. Ya ce ana tattaunawa. Masu abin sun ce mayarwa tana da haɗari ga teku, gara a haƙa rami a nan a binne.

Na yi tunanin ai ta tekun suka zo.

Baba ya jira har aka kira shi. Ya nuna burushin, ya nuna tafin hannunsa. Ya ce gidaje da yawa a layinmu da na baya gangarsa suke sha, kuma ba wadda za ta nuna tambari, ba laifin yaran ba ne, laifin hannunsa ne. Wani mutum mai furfura a cikin baƙin ya cire tabarau ya murza ido. Ya ce zai aika da maganar sama. Ya ce in aka buɗe ƙofa babu shaida, masu biyan za su ce an cusa musu marasa lafiyar gari duka, su janye gaba ɗaya, har waɗanda aka riga aka kai su rasa.

Baba ya ce, "To a gwada jinin yaran mana. Jini ai ba a kankare shi."

Tafinta ya fassara. Mutumin ya ce jini yana nuna akwai abin, ba ya nuna na wane ne.

Mun dawo. A hanya Baba ya ba ni burushin ya ce in jefa a kwata. Ban jefa ba, na ɓoye a bayan buhun gawayi.

Asabar

Yau Auta bai nemi labari ba.

Lahadi, bayan magariba

An yi sallama, sai ga Shafa-ka-wuce da baro, an rufe kayan da tsohuwar tabarma. Tunda nake bai taɓa shigowa gidanmu ba. Ya turo baron har tsakar gida yana haki.

"Malam Sai-gobe, fito ka karɓi aikin ƙwararru."

Ya yaye tabarmar. Ganga ce, fentinta duk ya yi kumburi, kashin kaji ya bushe a kanta. Ya ce a bayan ɗakin tsohuwarsa take, akurkin kaji ke kai, shi ya sa ba a kwashe da ita ba. Ita kaɗai ta rage masa. Ya sa farce ya ɓanɓare fentin kaɗan, ga baƙin harafi a ƙasa.

Baba ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Dubi aiki don Allah. Ko wanke ta ba ka yi ba."

"Da na wanke da na zama kai. Ga ka nan, gwani, gwaninta ta kai ka ta baro."

"Fenti shafi ɗaya. Kamar an yi wa akuya kwalli."

"Akuyar ce dai za ta shiga mota. Ka ajiye ta inda taku take, ka zuba ruwa ta jiƙa, ranar Alhamis ka ce taku ce. Ai ba ƙarya ba ce can can. Uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, taka dai ta yi wanka."

Inna ta fito da mayafi a hannu, ba ta ma yafa ba. Ta durƙusa ta ce, "Allah ya saka, Allah ya raya naka." Shi kuma duk ya rikice, ya ce, "Haba Yaya, tashi, tashi, ni ban saba a gode mini ba, zagi na saba."

Da zai fita ya rage murya, amma na ji. Ya ce wa Baba, "Ni ma ba na barci, kada ka ga ina surutu."

Litinin, da hantsi

Mun fitar da tamu, mun sa waccan a gurbinta kusa da madafa. Na wanke kashin kajin da tsumma a hankali don kada fentin ya tashi. Inna ta ce in bar ɗan datti, kada ta yi kama da baƙuwa.

Inna ta wanke kayan Auta ta shanya. Ta nemo jakar da take zuwa unguwa da ita. Har waƙa na ji tana yi ƙasa ƙasa.

Baba bai taɓa gangar ba. In zai wuce sai ya kewaye ta.

Talata, bayan la'asar

Mai Keke ta shigo. Rabonta da gidanmu tun ranar lasifika. Ta rame, idonta ya faɗa. Inna ta shimfiɗa mata tabarma, ba ta zauna ba. Ba ta san da maganar gangar ba, ko kallon wajen madafa ba ta yi ba. Wurin Baba ta zo.

Ta ce, "Ba faɗa na zo yi ba, Malam. Na gaji da riƙe magana ne, tana ci na. Ranar da na zo saye, ta tsallake na yi niyya, ta fi sauƙi. Kai ka kira ni. Ka ce maƙwabciya, marainiya gare ki, kada ki ba ta ruwan datti. Ka zaɓa mini da hannunka, ka ce wannan ta fi kowacce tsafta. Ka mirgino mini ita har gida."

Baba ya ce, "An yi haka."

"Jiya na ɗaga ta tsaye, ƙafafun suka naɗe. Dogayen ƙafafun nan. Shi ke nan abin da na zo faɗa. Na san ba ka sani ba. Amma ni ma ban sani ba."

Ta juya za ta fita, sai ta hango Auta ta ƙofar ɗaki. Ta tsaya. Ta ce, "Ɗan tsoho, ba ka gaishe ni ba." Ya ɗaga mata hannu. Ta fita da sauri.



Laraba, da sassafe

Ƙarar ƙarfe a kan siminti ce ta tashe ni. Na san ƙarar, tun ina ƙarama nake jin ta. Na leƙa. Gurbin kusa da madafa babu komai, sai zoben jiƙa a ƙasa. Baba ya mirgina gangar zuwa gidan Mai Keke.

Inna ma ta ji. Tana zaune a bakin gado, ba ta tashi ba.

Laraba, da yamma

Tun safe Inna ba ta yi wa Baba magana ba. Ta ba shi abinci ta hannuna. Da la'asar ya zo ya tsaya a ƙofar ɗaki, ya cire hula.

Ya ce, "Ni na sayar mata."

Inna ta ce, "Ni kuma ni na haifa maka."

"Na sani."

"An kawo wa ɗanka, ba a kawo wa sunanka ba. Ka ɗauki ran yaro ka je ka wanke fuskarka da shi."

"Ba fuskata ba ce. In na bar ta a nan, gobe su goga ta gidanta su ga fari, hannuna ne ya yi farin. Ba zan iya tsayawa ina kallo ta katanga ba."

"Za ka iya kallon wannan?"

Ta nuna tabarma. Auta yana barci, bakinsa a buɗe. Baba bai kalla ba. Ya mayar da hularsa ya fita.

Na rasa wanda ya fi gaskiya. In Inna tana magana sai in ga ita ce. In na tuna ƙafafun Balbela sai in rasa. Kayan Auta sun bushe tun jiya, ba wanda ya kwashe su daga igiya.

Alhamis, bayan azahar

Zan rubuta yadda ya faru a jere don kada in manta.

Da hantsi muka ji motocin sun shigo layi. Suna farawa daga bakin titi. Inna tana zaune kusa da Auta tana yi masa fifita. Baba ya tafi shago ya zauna a gaban rufaffiyar ƙofa.

Mai Keke ta shigo ba sallama, ɗankwalinta a karkace. Ta ce wa Inna, "Ba ni shi."

Inna ta dube ta.

"Ba ni shi, na ce. Saura gida uku su iso. Ke yarinya, ɗauko shi, bayana ba ya ɗaukar biyu."

Inna ta ajiye mafici. Sannan ta cire wa Auta rigarsa mai tabon shuɗin fenti ta sa masa wata. Maɓallin ya ƙi shiga. Na goya shi muka bi ta ƙofar baya.

Mai Keke ta kwantar da shi kusa da Balbela a katifa ɗaya, ta rufe su da zane ɗaya. Ta ce in zauna wajen keken ɗinki in yi kamar mai koyo.

Suka shigo, matar nan da tafinta da mai ɗaukar hoto. Aka jiƙa tsumma. Shafa ɗaya fentin ya zube, haruffan suka fito baƙi ƙirin. Aka ɗauki hoto, aka fesa ja.

Tafinta ya ce, "Yara nawa ne marasa lafiya a gidan, Mama?"

"Idonka ya samu matsala ne duk da tabarau? Biyu."

"Duka naki ne?"

"Ka ga wata uwa a nan?"

Ya dubi yaran. Balbela doguwa, Auta gajere, ba ta inda suka yi kama. Sannan ya dube ni. Ya gane ni, na san ya gane ni, ni na ba shi ruwa. Ya kalli hannuna a kan keken, na naɗe yatsuna cikin tafi.

Matar ta tambaye shi wani abu. Ya gyara tabarau, ya amsa mata gajere, ya ɗaga yatsu biyu.

Aka ɗaura wa Balbela rawayen zare. Aka ɗaura wa Auta. Sai da aka ƙara huda rami saboda zaren ya yi masa yawa.

Daga nan suka shiga gidanmu, suka goga tamu da muka mayar gurbinta, fari. Inna ta ce ba mara lafiya a gidan. Sun tafi da gangar duk da haka.

A layinmu gida biyar ne suka nuna fari. Akwai yara a uku daga ciki. Na san sunayensu duka. Ba zan rubuta ba.

Juma'a, da yamma

Motar gobe ce da safe. Tafinta ya bi gidajen masu zare yana faɗin ƙa'ida. Uwa ɗaya ce za ta bi 'ya'yanta, ba a yarda da dangi ko maƙwabta ba, kuma a can ma ana tambayar yara. Ba a san tsawon zaman ba, zai iya kai watanni.

Da ya gama faɗa wa Mai Keke, ya ɗaga murya kaɗan yana kallon katangarmu, ya ce, "Yaro dai ya san wa zai kira Inna."

Inna ta ji. Ta shiga gidan Mai Keke da jakar, ni ina biye. Ta zauna a bakin katifa ta ɗora Auta a cinya.

Ta ce, "Za mu yi wasa. Wannan wace ce?"

"Gwaggo."

"A'a. Daga yau ita ce Inna. Ni ce Gwaggo. Wanda ya manta ya faɗi wasa. Wace ce wannan?"

"Inna." Ya yi dariya.

"Ni fa?"

"Inna."

"Ka faɗi. Sake."

Sun yi ta yi. Balbela tana taya shi daga kwance, tana cewa, "Kai, ƙanina, kanka kamar ƙwarya." Mai Keke ta juya baya tana ɗinka wani abu da ba ya bukatar ɗinki.

Inna ta yi ta faɗa mata abubuwa. Ba ya son shayi da zafi. In ya yi shiru yana murza kunne, fitsari yake ji, kunya ce ta hana shi faɗa. In zai yi barci a riƙe masa ƙafa, ba hannu ba. Mai Keke ta ce, "Yaya, na reni yaro fa." Inna ta ce, "Ba ki reni wannan ba."

Baba ya kawo musu sabon bokiti na roba daga kasuwa, ya ajiye a bakin ƙofa, bai shiga ba. Inna ta ɗauka ta duba ta ce murfin bai zauna daidai ba. Ita ce magana ta farko da ta yi da ta shafe shi tun Laraba.

Asabar, da hantsi

Motar ta tsaya a bayan makaranta, gefen tsibin gangunan. Iska ta ɗage tamfol ɗin gefe ɗaya. Har yanzu ba a ce za a mayar ba, ba a ce za a binne ba.

Mai Keke ta goya Balbela, wani ma'aikaci ya ɗauki Auta. Mu muka tsaya cikin 'yan rakiya, bayan igiya, tare da sauran maƙwabta. Shafa-ka-wuce yana kusa da Baba yana ta surutu a kan tayoyin motar, wai sun sha iska da yawa. Ba mai sauraronsa. Akwai matan da ba su zo ba, na gidajen nan uku.

An zaunar da Auta wajen taga. Ya neme mu da ido har ya gan mu. Ya ɗago hannun mai zaren. Na ga bakinsa ya fara haɗa kalmar, na ji Inna ta damƙe mini kafaɗa har da farce.

Ya tsaya. Ya yi murmushi irin na wanda ya tuna.

Ya ce, "Gwaggo, sai mun dawo!"

Inna ta ce, "Allah ya kiyaye hanya, ɗan maƙwabta. Ka ji maganar Innarka."

Muryarta ba ta yi rawa ba ko kaɗan. Motar ta tashi. Mun tsaya har ta sha kwana wajen masu faci.

A hanya ba ta yi kuka ba. A gida ma ba ta yi ba. Ta naɗe tabarmarsa ta jingine a lungu. Ta daɗe tsaye a tsakar gida kamar wadda ta manta abin da ta fito yi. Sannan ta kwance bakin zanenta ta ciro makullin gidan Mai Keke ta miƙo mini.

Ta ce, "Ɗauki tsintsiya. Ba a barin gidan ƙaninki da shara."